Na tarar da ramin 'ya'yan koyote a bayan makiyayar awakina: in bar su ko in kawar da su?

Baban Yara, Kansas

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni zama a karkarar Amurka, musamman masu kiwo. Shekara uku ke nan ina zaune da iyalina a wani gida mai fili kimanin eka 12 a gabashin jihar Kansas, ina kiwon awaki 14 da 'yan kaji domin amfanin gida. Tun da muka tare muke jin kukan koyote da daddare, wato dabbar nan ta dangin kare wadda ta yi kama da dila a siffa da wayo, sai dai ta ɗan fi shi girma, amma ban taɓa yin ido biyu da ita ba sai makon jiya.

Ranar Asabar da safe na gangara bakin rafin da ya bi ta bayan makiyaya domin in tayar da shingen da ruwa ya kwantar, sai na ga rami a gindin wata bishiya da ta faɗi, da ƙasa tule a bakinsa, da ƙasusuwan zomo warwatse. Ina tsaye ke nan sai ga 'yan kwikwiyo biyar sun fito suna kokawa da juna, kunnuwansu ma ba su gama miƙewa ba. Da na ɗaga kai na hango babbar a kan gaɓar rafi tana kallona. Ba ta yi haushi ba, ba ta gudu ba, kuma da na juya sai ta biyo ni daga nesa har na kai ƙofar makiyaya. Tsakanin ramin da inda awakin suke kwana bai wuce mita 200 ba, ga shi kuwa huɗu daga cikinsu sun haihu a watan Afrilu, 'ya'yansu bakwai suna nan suna tsalle-tsalle.

Yanzu baki ya rabu uku. Maƙwabcina ya ce a harbe uwa da uba a kashe 'ya'yan tun ba su girma ba, har ya ce zai zo da bindigarsa ya yi mini aikin. Yara suna roƙon in ɗauko musu ɗaya su raina. Uwargida kuma tsoronta autarmu ce mai shekara huɗu, wadda take wasa a tsakar gida da yamma. Ni dai abin da na sani shi ne a shekara uku ban rasa akuya ko ɗaya ba, kaji biyu ne kawai suka ɓace bara, kuma ban ga abin da ya ɗauke su ba. Me ya kamata in yi, kuma tsawon wane lokaci za su zauna a wurin?

Tsohon Makiyayi, Teksas

Wa alaikumus salam, ɗana. Abin da ka kwatanta na sha ganinsa a shekarun da na yi ina kiwon awaki a tsakiyar Teksas, kuma shawarata ta farko ita ce ka zauna ka lissafa kwanaki. Koyote sau ɗaya yake barbara a shekara, tsakanin Janairu da Maris, macen ta ɗauki ciki kwana 60 zuwa 63, ta haihu a Afrilu ko farkon Mayu, yawanci 'ya'ya biyar zuwa bakwai. Ana haifarsu ido a rufe, su buɗe shi bayan kamar kwana 10, su fara leƙowa bakin rami idan sun kai mako uku, a yaye su wajen mako shida. Rami a wurin koyote ɗakin jego ne kawai, ba ya kwana cikinsa a sauran shekara, don haka kafin ƙarshen Yuni ko farkon Yuli waɗannan da ka gani za su bar shi su koma kwana a cikin ciyawa da sarƙaƙiya, daga Oktoba kuma yawancinsu su watse kowa ya nemi nasa yankin. Ba mamaki ma uwar ta kwashe su tun kafin nan, domin sukan tanadi rami fiye da ɗaya, kuma da zarar sun ji ƙanshin mutum a bakin wanda suke ciki sai su ɗauke 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya cikin dare.

Biyo ka da ta yi rakiya ce, ba farauta ba. Tana so ta tabbatar ka yi nisa da 'ya'yanta, kuma da ka fita daga iyakar da take tsarewa ta koma. Haka suke yi daga Afrilu zuwa Yuli, musamman ga wanda ya zo da kare.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a bayaninka shi ne shekara ukun nan da ba ka yi asara ba. Namiji da mace na koyote sukan zauna tare muddin suna raye, suna da yankin da suke kewayawa suna korar duk baƙon koyote da ya shigo. Idan kana jin kukansu tun da ka tare amma awakinka suna lafiya, ke nan ma'auratan da ke riƙe da yankinka sun dogara ga ɓeraye da zomaye da fara da mushe da 'ya'yan itace, waɗanda su ne abincinsu na asali. Ranar da maƙwabcinka ya harbe su, yankin ba zai zauna babu mai shi ba. Cikin 'yan makonni wasu za su shigo, waɗanda ba ka san abin da suka saba ci a inda suka fito ba. Ni da kaina na yi wannan kuskure a shekarata ta biyu, kuma bayan na kawar da waɗanda ba su taɓa yi mini ɓarna ba ne na fara tsintar gawar 'yan awaki.

Aikinka yana cikin gida. Ka riƙa shigar da awakin rumfa mai ƙofa kafin magariba, kada ka sake su sai rana ta fito sosai, domin da daddare da asuba ne ɓarnar ta fi yawa. Ka sa fitila a wurin kwanansu. Duk dabbar da ta mutu, da mabiyiyar wadda ta haihu, ka binne da zurfi ko ka fitar da su nan take, saboda koyote da ya ɗanɗana mushen akuya a bakin shinge ya kusa gwada mai rai. Kada abincin kare ko na kyanwa ya kwana a waje. Ka bi shingen taku-taku ka duba ƙasansa, domin koyote ya fi son kutsawa ta ƙasa ko ya tona, kuma waya ɗaya mai lantarki da aka ja ƙasa-ƙasa daga waje tana hana wannan. A jiharka ma aka yi binciken da ya nuna amfanin waɗannan abubuwa: masana na Jami'ar Jihar Kansas sun bi masu kiwon tumaki, suka buga sakamakonsu a 1981, inda suka ga masu killace dabbobi da daddare da sa haske da kawar da mushe sun fi ƙarancin asara. Kajin bara kuma kada ka yi saurin ɗora wa koyote laifinsu, domin yanyawa da mujiya da shaho da karnukan maƙwabta duk suna layi.

Mai Tumaki, Wyoming

Baba, Allah ya ƙara girma, na yarda da lissafin kwanakinka da kuma batun killacewa, amma akwai gefen da ka bari, kuma ina tsoron kada ɗan'uwanmu ya saki jiki. Cewa ma'auratan ba su yi ɓarna a shekara uku ba bai zama alkawari ba, domin babu tabbacin cewa a shekarun baya sun haihu kusa da awakinsa haka. Ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa. Da zarar an yaye 'ya'yan nan biyar, iyayen ne za su riƙa cika ciki su dawo su amayar musu, kuma baki bakwai ba ya ƙoshi da ɓera. A daidai waɗannan makonni ne koyote da bai taɓa kallon garke ba yake fara kallonsa, kuma ɗan akuya mai wata ɗaya ya fi zomo sauƙin kamu. Ni a wata shekara na rasa 'yan tumaki tara cikin mako uku na watan Mayu, kuma da aka bi sawu, rami ɗaya ne ya ci su duka.

Wannan ba zato ba ne. A nan Wyoming masu bincike biyu, Till da Knowlton, sun gwada abin suka buga shi a 1983: a wuraren da ake kashe tumaki, idan aka cire 'ya'yan kawai daga rami aka bar iyayen, ɓarnar takan ragu da kusan kashi 90 cikin 100. A tashar bincike ta Jami'ar Kalifoniya da ke Hopland kuma, a shekarun 1990, an ɗaura wa koyote na'urar bin sawu a wuya, aka gano cewa yawancin tumakin da aka kashe aikin ma'aurata masu haihuwa ne waɗanda yankinsu ya haɗa da makiyayar, kuma yawan koyote da aka kashe barkatai bai rage asarar ba. Daga baya a Utah aka yi wa wasu aikin hana haihuwa aka sake su, sai suka ci gaba da tsare yankinsu amma suka rage kashe 'yan tumaki ƙwarai. Saboda haka na yarda cewa harbin duk koyote da aka gani ɓata harsashi ne, amma ban yarda cewa ma'auratan da ke da 'ya'ya mita 200 daga rumfarka masu gadi ne na kyauta ba. Su ne aka fi zargi idan abu ya faru.

Shawarata gare ka, ɗan'uwa, ka yi duk abin da Baba ya faɗa tun daren yau, ka ƙara da hana 'yan awakin bakwai zuwa gefen rafi ko da rana har su yi ƙwari, sannan ka koyi karanta gawa. Koyote yana kama maƙogwaro, za ka ga hujin haƙora a ƙarƙashin muƙamuƙi da bayan kunne, ya buɗe ciki ya fara da hanta da zuciya da huhu, ƙaramar dabba kuma yakan ɗauke ta gaba ɗaya. Kare kuwa yana yayyaga cinya da gefe da kunne, ya raunata da yawa a dare ɗaya, ya tafi bai ci wani abin kirki ba. Na san mutanen da suka yi ta zagin koyote alhali karen gidan da ke kusa ne. Idan ka ga alamar farko, ka ɗauki hoto ka kira ofishin malaman gona na gundumarku ko hukumar namun daji ta jiha, a nemi wanda ya yi ɓarnar shi kaɗai. A Kansas farautar koyote a buɗe take duk shekara, amma akwai ƙa'idar lasisi, kuma idan zamanka a ƙasar na biza ne, dokar tarayya ta taƙaita maka riƙe bindiga, don haka kada ka karɓi ta maƙwabcinka ko da aro kafin ka bincika. Guba kuma kada ka kusance ta, laifi ne a doka, kuma karen gida yakan riga koyote ci.

Ɗalibar Likitancin Dabbobi, Minnesota

Yaya, manya sun gama da batun awaki, bari ni in taɓa na yara da na Hajiya uwargidanka. Roƙon da yaran suke yi a ɗauko ɗaya, ka ba su haƙuri. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: a makonnin farko zai yi kama da kwikwiyon gida, amma idan ya doshi wata shida zuwa shekara sai halinsa ya fito, ya riƙa tona, yana tsallake shinge, yana cizo idan an taɓa abincinsa, ga kaji da 'yan awaki a gabansa kullum. Mafi muni kuma, ya riga ya daina tsoron mutum, don haka ba za a iya mayar da shi daji ba, ƙarshensa kisa. A yawancin jihohi ma doka ta hana ajiye shi ba tare da izini ba, kuma allurar rigakafin haukan kare da ake yi wa karnukan gida ba a amince da ita a hukumance ga koyote ba, ta yadda idan ya ciji yaro, hukumar lafiya za ta iya neman a kashe shi a gwada ƙwaƙwalwarsa. Ko ɗaya aka gani shi kaɗai yana yawo, yawanci ba maraya ba ne, iyayen sun tafi farauta. Sai idan yana da rauni a fili ko ya rame ƙwarai ne za a kira masu lasisin jinyar namun daji, ba tare da an taɓa shi ba.

Akwai kuma cututtuka. Koyote yana ɗauke da ƙazuwar da ke zubar da gashi, wadda karen gida ke kamuwa da ita, da ƙwayoyin cutar gudawar jini ta 'yan kwikwiyo, da kaska, da wata ƙaramar tsutsar ciki wadda ƙwanta ke fita a kashinsa, kuma idan ya shiga cikin mutum yana lalata hanta a hankali cikin shekaru. Saboda haka kada yara su je bakin ramin ko bayan an tashi daga cikinsa, kuma idan kuna da kare a sabunta masa allurarsa a daina sakinsa wajen rafi har Yuli ya wuce. Haukan kare ba shi da yawa a jikin koyote a yau, amma ya taɓa ɓarkewa a kudancin Teksas daga 1988, har sai da aka riƙa watsa abinci mai ɗauke da rigakafi daga jirgin sama tun daga 1995 kafin a shawo kansa.

Tsoron Hajiya yana kan hanya, sai dai a auna shi. A duk tarihin da aka rubuta a Amurka da Kanada, mutum biyu aka tabbatar koyote ya kashe: wata yarinya mai shekara uku a Glendale ta Kalifoniya a 1981, da wata budurwa mai shekara 19 a gandun daji na Cape Breton a Kanada a 2009. Cizo kuwa yana faruwa jefi-jefi, kuma sau da yawa idan an bincika sai a tarar wani a unguwar yana ba su abinci har sun saba da mutane. Koyote na karkara, wanda ake harbinsa, ya fi na birni gudun mutum. Duk da haka yarinya mai shekara huɗu ba a barinta ita kaɗai a waje da yamma, kuma a koya wa manyan yaran cewa idan sun gamu da shi kada su ruga, su tsaya su ɗaga hannu su yi ihu, su ja da baya suna fuskantarsa. Idan ya shigo tsakar gida a kore shi da ƙara da jifa har ya fice. A bakin rami ne kawai ba a yin haka, domin uwa mai 'ya'ya ba za ta gudu ba, mutum ne zai bar mata wurin.

Tsohon Makiyayi, Teksas

Mai Tumaki, ka yi gaskiya, kuma na karɓi gyara: makonni shida masu zuwa su ne na haɗari, kuma ban faɗe shi da ƙarfin da ya kamata ba. Inda nake tsaye har yanzu shi ne kada a kashe kafin a ga laifi. Ƙasar nan ta gwada kisa fiye da kowace dabara. Tun dokar 1931 gwamnatin tarayya take yaƙi da koyote da tarko da guba da bindiga, har Shugaba Nixon ya hana guba a filayen gwamnati a 1972, kuma har yau wani sashe na ma'aikatar noma yana kashe fiye da 50,000 a shekara, ban da na maharba. Sakamakon shi ne dabbar da a da aka fi saninta a filayen yamma da tsakiyar nahiyar yanzu tana kowace jiha in ban da Hawaii, daga Alaska har Panama, domin an kawar mata da kyarkeci wanda shi ne ke taka mata burki, kuma idan aka rage yawansu abinci yakan wadata, mata su haifi da yawa, 'ya'yan su rayu. Wani lissafi da masu bincike biyu, Connolly da Longhurst, suka yi a 1975 ya nuna sai an kashe kashi 75 cikin 100 kowace shekara har tsawon shekara 50 kafin a ƙarar da su.

Ga mai eka 12 kamar ɗana, abin da zai ɗore shi ne dabbar gadi. Karnukan garke irin su Great Pyrenees da Anatolian da Akbash da Maremma, waɗanda aka fara yaɗa su a nan a ƙarshen shekarun 1970, sun fi komai aiki, amma ana haɗa su da awaki tun suna mako takwas, kuma sai sun haura shekara kafin a dogara da su, don haka kwikwiyon da ka saya yau ba zai tsare maka na bana ba. Ƙaramin fili irin naka ma yakan yi musu kaɗan, su riƙa fita yawo gonar maƙwabta. Jaka guda ɗaya ta fi dacewa da kai, domin jaki ya tsani duk dangin kare, yana bin su da cizo da harbi. A kula ta zama ɗaya tak, saboda idan biyu ne sai su yi abota su manta da awaki, kuma kada a kawo jakin da ba a dandaƙe ba, yana iya hallaka 'yan awakin da kansa.

Baban Yara, Kansas

Na gode Baba, na gode Mai Tumaki, ƙanwata ke ma Allah ya ba da sa'ar karatu. Tun daren da na karanta amsoshinku awakin suke kwana a rumfa, na ja wayar lantarki a gefen rafi, na kuma toshe wurare uku da na tarar an tona a ƙarƙashin shinge, waɗanda ban taɓa lura da su ba. Na shaida wa maƙwabcina ya dakata, mun yi da shi cewa ranar da na ga hujin haƙori a wuyan ɗan akuya zan kira ofishin gunduma, shi ma in sanar da shi. Bai ji daɗi ba, domin yana da maruƙa, amma ya amince.

Jiya na tsaya daga wannan gaɓar na duba da madubin hangen nesa, ban ga motsi a bakin ramin ba, har gizo-gizo ya yi saƙa a ƙofarsa. Da daddare kuma kukan ya taso daga can gabas, wajen gonar waken suya, da wasu ƙananan muryoyi a ciki. 'Yan awakin bakwai suna nan cif. Baba, game da jakar, akwai wadda aka ce za a sayar a gundumar da ke kusa da mu, mai shekara shida, amma ba ta taɓa zama da awaki ba. Kwana nawa ya kamata in raba su da shinge suna ganin juna kafin in sake ta cikinsu?